Akwatin Haruffan da Yayana Ya Juye

Shekarun baya, lokacin da salula ta fara shiga aljihun kowa a Tanut, na yi wani fushi da har yau idan na tuna sai na ji wuyana ya ɗauki zafi. An daɗe da shiryawa, wanda ya yi min abin ma ko shekaranjiya mun gaisa. Amma shiri daban, hucewa daban. Ku zauna ku ji.

Mahaifina mai buga takardu ne, da injin hannu irin na dā. Haruffan dalma ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure su, a shafa tawada, a danna takarda a kai. A Damagaram ya koyi aikin yana saurayi, ya dawo gida da tsohon inji, ya kafa shi a ɗakin da ke cikin zaurenmu. Katin biki, katin suna, sanarwar meri, wato ofishin magajin gari, takardun lakwal, wato makarantar boko, duk mai son a buga masa abu daga Falanko har Belbeji nan yake zuwa. Ni na tashi a gindinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana. Tun tsayina bai kai tebur ba nake hawa turmi in mayar masa da haruffa gidajensu bayan an gama bugu.

Haruffan nan ƙanana ne, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa kauri ba, kuma a juye aka sassaƙa su. Ba a zuba su wuri ɗaya. Akwai akwatin katako mai faɗi kamar faifai, marar zurfi, an raba cikinsa gida-gida, kowane harafi da nasa. Mai jerawa ba ya dubawa, hannunsa ne ya san hanya. Akwatunan da Baba ya zo da su na Faransanci ne, kuma wanda ya tsara su harshensa ya duba. Gidan e shi ne babba, a tsakiya, daidai inda hannu ke sauka. Akwai gidan q, akwai na é da è da ç, kowa da ɗakinsa kamar ɗan masu gida. Ita kuwa a, wadda Bahaushe ba ya buɗe baki bai faɗe ta ba, an ba ta ɗan matsakaicin gida, kullum tana cika tana zuba cikin na maƙwabta. Su ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ko kusurwa ba a ba su ba. Sai da Baba ya je har Kano ya roƙi ƴan kaɗan a wata tsohuwar maɗaba'a, ya ƙullo su a hankici cikin aljihun gaba, ya yi shekaru yana ajiye su a gwangwanin tumatir.

Wata rana ya gaji. Ya ɗauki akwati ɗaya ya kai wa wani tsohon kafinta abokinsa, suka zauna suka cire katangun ciki duka. Baba ya riƙa jera magana da hannu a kan fankon katako, ido rufe, duk inda yatsansa ya fi yawan sauka kafinta ya sa alama da gawayi. A ta samu babban gida a tsakiya. N da k da i da u suka zagaye ta, don su ne abokan tafiyarta. E ta koma madaidaicin ɗaki. Q da x da v aka tura su can bakin gaɓa. Masu lanƙwasa huɗun nan kuwa kowanne ya zauna kusa da ɗan'uwansa, ƙ a gefen k, ɗ a gefen d, amma katangar da ke tsakaninsu an ɗaga ta ta fi sauran tsayi, don kada su tsallaka su gauraya. Da katakon akwatunan shayi suka yi katangun. Ba su buga ƙusa ko ɗaya ba, tsaga suka yi suka zura, saboda zafin garinmu yana sa katako ya motse ya tofar da ƙusa. Ƙasan kowace katanga Baba ya bi ta da ƙaro ya liƙe, don siraran haruffa irin i da waƙafi suna da halin sulalewa ta ƙarƙashi su kwana gidan wani. Da akwatin nan ya yi aiki tun kafin a haife ni. Bakin gidan a har ya lotsa, ya yi santsi, saboda gogar yatsunsa.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, mutane da yawa ba su sani ba. Ba ya gane fuskar mai sallama sai ya ji murya, amma idan ya tsaya gaban akwatin nan sai ka rantse idonsa garau. Ni nake karanta masa abin da aka kawo, shi yana jerawa, in duba in ce babu kuskure.

A shekarar da nake ba ku labari, wata malama da ke koyar da matan makiyaya karatu a Tenhiya ta kawo mana aiki. Katunan koyon karatu take so da Hausa, kuma tana son su kafin ruwa ya zauna, don da zarar ciyawa ta fito ɗalibanta za su ɗaura kaya su bi dabbobi arewa. So take kowace ta tafi da nata. Baba ya karɓa da murna. A daidai lokacin kuma aka ce likitocin ido sun zo Damagaram, muka ce a fara yin aikin idon, in mun dawo a buga. Na rufe ɗakin, na ba mahaifiyata makulli, na raka shi.

Yayana, babban ɗan gidanmu, bai daɗe da dawowa daga Libiya ba. Ya koyo gyaran salula, ya kafa tebur a kasuwa. Shi dama tun yana yaro ba ya shiga ɗakin Baba, wai tawada tana ɓata masa riga.

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire wa Baba auduga ya kalle ni ya ce, "Uwata, ashe haka kika girma?" A mota da muke dawowa kamar yaro, yana karanta duk rubutun da ke jikin manyan motoci, yana kushe wanda aka rubuta ba daidai ba. Muna sauka ko ruwa bai sha ba ya ce in karɓo makulli.

Inna ta miƙo min shi tana kallon gefe. Ta ce, "Yayanku ya ɗan shiga, ya ce akwai abin da zai ara."

Na buɗe. Inda akwatin Hausa yake zama babu komai sai rami. Na ƙarƙashinsa babu, na ƙarƙashin wancan ma babu. A tsakar ɗaki ga babban daron da Inna take wanki da shi, cike da haruffa. Manya da ƙanana, na Hausa da na Faransanci, lambobi da waƙafi, an tuttule su wuri ɗaya kamar tsakuwa.

Jama'a, mutumin da ya yi shekaru bai ga komai sosai ba, abin da ya fara gani a ɗakinsa ke nan.

Likita ya hana shi sunkuyawa, amma ya durƙusa ya sa hannu cikin daron, ya ɗebo, ya bari suka zube ta tsakanin yatsunsa. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Haruffa a tsince su. Akwatin fa?"

Ban tsaya amsa masa ba. Na nufi kasuwa, mayafina ma a hanya na gyara shi.

Tun daga nesa na hango akwatin a kan teburin yayana. An shafe shi da shuɗin fenti. Da na matso sai na ga tsakiyarsa wayam, an ɓalle katangun duka an mai da wurin fili ɗaya, an jera batura da murafun salula. Ƙananan gidajen gefe ne kawai suka tsira, ya cika su da ƴan mitsi-mitsin kusoshin waya. Sauran akwatunan biyu suna ƙarƙashin tebur, ko amfani da su bai yi ba.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ɗago yana murmushi. "A'a, kun dawo? Ya jikin Baba? Kin ga yadda na gyara shi ko? Kamar don ni aka yi."

"Ina katangun da ka cire?"

"Waɗannan ƴan ɓaraguzan? Mai shayi na ba wa, ya hura wuta da su." Ya ga fuskata ya ƙara da cewa, "Ke, katako ne fa. Haruffan kuma ban zubar ba, suna nan cikin daro, na ma rufe da buhu. Kaɗan na ɗiba na narka in gwada liƙi da su, ba su ma yi ba. Kuma sai da na zauna na zaɓa, waɗanda kansu ya lanƙwashe kawai na ɗauka. Masu kyau ban taɓa ba."

Da farko ban gane ba. Sai na ce, "Waɗanda kansu ya me?"

"Ya lanƙwashe. Sun lalace dama."

Ya zauna, ya ɓata lokacinsa, ya bi gida-gida ya tsince ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, waɗanda Baba ya ɗauko daga Kano a aljihun ƙirjinsa, ya zuba a cokali ya ɗora a wuta. Kuma yana faɗa min yana jiran in yaba masa hankali.

Ban san lokacin da na kama akwatin da hannu biyu ba. Na ɗaga shi na kife. Batura suka watse, kusoshin nan da sai da tsinke ake ɗaukarsu suka bi yashin kasuwa, wanda ya san yashin Tanut ya san an yi sallama da su. Na ce, "Ga naka nan, su ma ban zubar ba, suna nan cikin ƙasa!"

Ya miƙe ya ɗaga hannu, tela maƙwabcinsa ya riƙe shi. Kasuwa ta taru. Yana cewa, "Ni za ki wulaƙanta a gaban mutane? Ni?" Ni kuma ina faɗin maganganun da ban san na iya ba. Na ɗora akwatin a ka na kama hanya ina kuka, fentin bai gama bushewa ba, ya shafe min goshi da tafin hannu. Takalmina ɗaya ya tsinke wajen masu goro, na bar shi nan. Haka na ratsa gari, budurwa shuɗiya mai takalmi ɗaya, ɗauke da katako. An ce har a Tarka an ba da labarina.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna tana tsaye a tsakar gida.

"Kin kyauta. Yayanki, a tsakiyar kasuwa! Wa zai kalle mu da mutunci yanzu?"

Na ce, "Inna, kin ga abin da ya yi wa Baba kuwa?"

"Na gani. Kuskure ne, bai sani ba. Ke kuwa da saninki kika yi. Idan ya dawo ki durƙusa ki ba shi haƙuri."

"Shi fa? Wa zai ba haƙuri?"

"Babba ne. Ki rufe min baki."

Ƙanwar Baba ta zo ta maimaita, kawuna ya zo ya maimaita. Kowa maganar kusoshi yake. Babu wanda ya leƙa zaure ya ga tsoho zaune da akwati a cinya, yana bin tsagogin da babu katanga da yatsa, yana motsa baki. Da yamma na durƙusa don Inna, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya ce ya yafe, har da yi min nasiha a kan zuciya. Wallahi da na san nasiha za ta biyo baya da ban durƙusa ba.

Washegari muka shimfiɗa tabarma muka fara tsinta. Na aro duk ƙananan kwanoni da murafun da ke gidan. Baba yana raba manya da ƙanana da taɓi, don kowane harafi yana da ƴar tsaga a jikinsa da yatsa ke ganewa, ni kuma ina duba fuskarsu. Wanda bai taɓa raba b da d da p da q a juye ba, bai san ciwon kai ba. Idon da aka ce a hutar da shi, da shi Baba ya riƙa leƙen dalma har ya yi ja yana hawaye, na hana shi ya ƙi. Muka ɗauki makonni. Masu lanƙwasa da suka tsira ba su cika tafin jariri ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, malamar Tenhiya ta zo karɓar aikinta. Na gaya mata gaskiya, na ce ko mu buga da k da d da b haka nan. Ta girgiza kai. Ta ce, "Ƴata, matan nan da Fulatanci suka tashi, suna jin bambancin nan fiye da ni da ke. In na rubuta musu baki a inda ake nufin baƙi, dariya za su yi min, su ce karatun ma ƙarya ne."

Don haka muka buga da haruffa marasa lanƙwasa, na zauna da alƙalami da tawada ina yi wa kowace ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarta da hannu, kati bayan kati, har yatsana ya yi kanta. Daga kwanoni muka jera aikin, Baba yana laluben kowane harafi kamar baƙo a ɗakinsa, abin da yake gamawa kafin azahar ya koma cin yini biyu. Ba mu gama duka ba. Rabin matan sun tashi kafin katunan su isa. Malamar ba ta yi mana faɗa ba, ta karɓi abin da ya samu ta yi godiya, kuma ba ta sake kawo mana aiki ba.

Ana cikin haka yayana ya je sarin kaya Kano, ya dawo da tsaraba. Ya shigo zaure da fara'a ya ajiye wa Baba akwatin roba mai murfi, irin na masu sayar da ɗan kunne, gidajensa duka girmansu ɗaya, reras kamar an yanka da wuƙa.

"Baba, ga wanda ya fi naka. Wannan ko gara ba ta ci."

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga min hannu. Ya juya robar, ya duba ta sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Na gode."

Wannan godiyar ta fi komai ƙona min rai. Bayan ya fita na ce, "Baba, don Allah me ya sa ba za ka gaya masa ba? Gidan a ɗaya da na x! Ko kallon abin da ya fasa bai yi ba!"

Ya ce, "Uwata, in na gaya masa zai ji kunya, ba zai gane ba. Me zan yi da kunyarsa?"

Mun yi ƙoƙarin gyara akwatin. Tsohon kafintan ya riga mu gidan gaskiya, sai muka kai wa wani matashi. Baba ya tsaya a kansa yana nuna masa, ya yi iya yinsa, amma katakonsa ya fi kauri, wasu tsagogin kuma sun fashe lokacin da aka ɓalle su da ƙarfi, dole ya matsa katangun kaɗan ya buga ƙusa. A ido lafiya lau. Amma hannun Baba ya riƙa sauka inda ya saba, ya ɗauko n a maimakon a, ya bugi katanga inda da babu ita. Mutumin da yake jera shafi guda da makanta babu kuskure, ga shi da ido biyu ina gyara masa layi-layi. Kuskuren ba ya ba shi haushi, kunya yake ba shi, ya riƙa ce min, "Yi haƙuri, Uwata." Wata safiya ya jera rabin katin suna, ya tsaya, ya ajiye ƙarfen da ake jera haruffa a kai a hankali ya ce in ƙarasa. Daga ranar ya koma zama a ƙofar zaure yana amsa gaisuwa. Ni na riƙe ɗakin har na yi aure, shi kuma ya rayu shekaru bayan haka, lafiya lau, cikin jikokinsa. Bai sake tsayawa gaban akwati ba.

Na san abin da wasunku za su rubuto min. Za ku ce ai ko ba haka ba kwamfuta tana tafe, sana'ar mutuwa za ta yi. Yayana ma haka yake cewa. Gaskiya ne, ba a daɗe ba aka buɗe wuraren buga takardu na zamani a garin, kowa ya koma can. Amma da bambanci tsakanin mutum ya ajiye aikinsa da kansa, ranar da ya ga dama, da a fizge masa shi yana kwance a gadon likita. Abin da na koya, idan har koyo ne, shi ne ba sai da mugunta ake rusa mutum ba. Ya isa a ce ba ka taɓa tsayawa ka tambayi me ya sa abu yake yadda yake ba. Yayana ba mugu ba ne. Shi ya yi jinyar Baba a ciwonsa na ƙarshe, shi ya riƙe Inna har yau. Ya dubi tunanin mahaifinsa na shekara da shekaru ne ya ga katako mai ramuka. Har yanzu idan na shiga kicin ɗin wata, ko shagon wani, na ga an ajiye abu a inda ni ba zan ajiye ba, hannuna a baya nake riƙe shi, in tambaya tukuna.

A sallar da ta wuce mun taru a gidan Inna, ƴaƴa da jikoki. Ana hira sai yayana ya ɗauko labarin, kamar yadda yake yi kusan kowace shekara. "Ku tambayi gwaggonku ranar da ta zubar min da kusoshi a kasuwa!" Ya kwaikwayi tafiyata da takalmi ɗaya, yara suna faɗuwa don dariya, har Inna tana share hawaye. Na bari aka gama. Sai na ce, "Yaya, gaya musu mene ne a cikin akwatin kafin kusoshinka."

Ya tsaya, ya ɗaga kai sama yana tunani. Ya ce, "Wani tarkacen Baba ne dai, Allah ya jiƙansa. Wallahi na manta."

Na dubi idonsa da kyau, ina fatan in ga ƙarya. Babu. Da gaske ya manta.